Maganin Ƙarar Bindiga

Tsuntsaye ne suka hana dawata sakat a Falgore, shi ya sa na sayi bindigar iska. Aibinta ɗaya, ƙarar sifirin ɗin da ke cikinta tana korar su kafin in samu ko ɗaya, su kuma dawo. Ni da nake kwance injin ban ruwa in ɗaure, wannan 'yar sandar ce za ta gagare ni? Na ɗura mata baƙin mai har ciki, ban san matsin iska yana sa mai ya kama da wuta ba.

Lokacin kuwa ana satar mutane a bakin daji, kowa a tsorace yake. Bayan la'asar na gwada ta a bayan gida. Ta yi ƙara kamar bindigar soja. Mata suka kwashi yara suka faɗa gonaki. Baffana ya haura katanga, ya karya ƙugu.

Shugaban 'yan sintiri ya same ni cikin hayaƙi, ya ce, "Me kake yi?"

Na ce, "Rage mata ƙara nake yi, yallaɓai."

Har yau da sanda Baffa yake tafiya. In na je gaishe shi, sai ya janye ta ya ce, "Mai gyara, wannan ma tana ƙara, amma kada ka taɓa min ita."