Lambar Da Mak Ta Haddace

Wani ne a nan Ipoh ta ƙasar Malesiya, ba a kama suna, don matarsa mai kunya ce. Za su tashi daga gidan haya su koma wani sabon bene can bayan gari. Duk kayan gidan babu abin da ya dame shi sai wayar gida, wata tsohuwa ruwan toka mai igiya a murɗe. Uwarsa, Mak Sepiah, tana ƙauye, kuma lamba ɗaya ta sani a duniya, ita ce wannan. Ba ta karatu, yatsanta ne ya haddace hanya. An sha rubuta mata lambar wayar hannu a bango, ta ce ta yi mata tsawo kamar huɗubar Juma'a.

"Rosnah," ya ce da matarsa, "ranar da lambar nan ta ɓata, na zama maraya."

Rosnah ta sunkuyar da kai. Ta san duk sanda wayar ta yi ƙara banɗaki yake faɗawa, ya ce a ce wa Mak yana wanka. Ita ko a bas aka taka mata ƙafa, ita ke ba da haƙuri.

Ana haka ya canza kamfanin intanet, don sabon yana ba da kyautar tukunyar dafa shinkafa. Ya je tsohon kamfanin ya sallame su. Ma'aikaciyar ta fara bayani a kan layin wayar, ya katse ta.

"Na gane, na gane. Ina zan sa hannu?"

Ranar tashi, kamar yadda aka saba, shinkafa da gishiri da ruwa ne za su fara shiga sabon gida. Shi kuwa ya ɗora wayar a kan tire tare da su. Bai tsaya nan ba, ya kwance soket daga bango ya sa a aljihu, wai kada a bar ragowar lamba a baya. A cikin motar kaya ya rungume tiren a cinya.

"Direba, a hankali a ramin nan, kada lambobin su cakuɗe!"

"Encik, ranka ya daɗe, waya ce ko ƙwai?" in ji direban.

"Kai dai tuƙa. Uwata ce a ciki."

Liman ya yi addu'a, aka ci aka watse, aka jona waya. Mako guda shiru. Mutumin ya ce alhamdu lillahi, Mak tana lafiya. Mako biyu shiru. Rosnah tana goge ƙura ta ɗaga kan wayar ta kara a kunne, ta ji tsit kamar rijiya. Ta mayar a hankali, ta gyara ɗan kyallen da take rufe ta da shi. Ita ma ta huta da tambayar da Mak ke yi mata kullum a kan haihuwa: "Rosnah, har yanzu ba labari?"

A mako na uku hankalinsa ya tashi.

"Ko dai Mak fushi take? Ko ba ta da lafiya?"

Ya kira ta da kansa mana? Wannan dabarar ba ta zo masa ba. Sai ya ɗauki wayar hannu ya buga lambar gidansa, ya zuba wa ta kan tebur ido. A kunnensa tana ƙara, a kan tebur ko motsi. Can sai muryar wani tsoho.

"Halo?"

"Kai waye a cikin wayata?"

"Teoh ne, wanda ya shiga gidan da kuka tashi. Af, kai ne ɗan Mak Sepiah? Mai yawan wankan nan?"

Ashe takardar da ya sa wa hannu ta barin layi ce ga sabon ɗan haya. Ya ɗauki Rosnah a babur sai tsohon gida. Suka tarar da Mista Teoh, dattijo ɗan fansho, yana shan shayi kusa da waya.

"Kullum da hantsi take kira," in ji shi. "Gwiwar ta yi sauƙi, na faɗa mata man da za ta shafa. Akuyar ta haihu, biyu. Ta ce in na gan ka in tambaya ko fatarka ba ta saɓule ba." Ya juya. "Ke ce Rosnah? Ta ce har yanzu ba labari?"

Rosnah ta ji kamar ta shige ƙarƙashin tebur.

Mista Teoh ya ce shi ba ya riƙe abin wani, a zo da takarda ya sa hannu. Nan fa aka shiga zarya. Tsohon kamfani ya ce a je sabo. Sabo ya ce lambar ba tasu ba ce. Ya fito da soket daga aljihu ya ajiye musu a kan kanta a matsayin shaida, suka kira juna suka zo kallo. A ƙarshe aka ce in yana son lambar sai ya koma tsohon kamfanin da ya baro. Ya soke sabon intanet, ya mayar da tukunyar, har da ƙanzo a gindinta.

"Abang, maigidana, duk a kan lamba?" in ji Rosnah, murya ƙasa-ƙasa.

"A kan uwa, Rosnah. A kan uwa!"

Bayan kwana goma sha biyu aka zo aka haɗa layin a sabon gida. Washegari da hantsi wayar ta ɗauki ƙara. Kafin ya ankara ƙafafunsa sun kai shi ƙofar banɗaki. Rosnah ta yi tari. Ya juyo da gudu ya fizgi kan wayar.

"Mak! Ni ne! Ɗanki!"

Sai muryar Mak:

"Ina Teoh?"

"Mak, na ƙwato lambar! Kwana goma sha biyu ina yawo a rana, har tukunya na rasa, duk don ki riƙa samuna."

Mak ta ja numfashi.

"Sannu da ƙoƙari. Yanzu ka je ka mayar wa bawan Allah. Shi sau biyu kawai yake wanka a rana."