Dattijon da Ke Sanyaya Tuwo

A duk cocinmu na Tamale babu wanda ya kai ni bin shafukan Kirista a waya. Na fi son na wata mai ɓoye sunanta, gwanar tsokanar 'yan coci.

Ran nan ta rubuta labarin wani dattijo da in aka ba shi addu'ar abinci, sai ya faro daga Adamu, ya bi ta kan gwamnati, ya sa wa babur ɗinsa albarka taya-taya, har tuwon zafi ya sandare. Na yi dariya har da hawaye. Nan take na tura wa guruf ɗin coci, na ƙara da cewa, "Ban kama suna ba, amma Dattijo Yakubu, a gyara!"

Sai ga amsarsa: "Ɗan'uwa, ai ni keke gare ni."

Na ɗago kai. 'Yata Rahila ta sunkuyar da kai, uwarta ta toshe baki da gefen zani. Ashe marubuciyar a gidana take cin tuwon nan mai sanyi.

Yanzu ko a biki na ce "Mu yi addu'a," sai wani ya ɗaga murya: "Mata, a mayar da miya kan wuta!"