Rasuwar Ƙaramin Tekun Falonmu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da hannuwan da gishiri ya cinye, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Ƙaramin Teku, akwatin gilashin nan na ruwan gishiri da ke falonmu, tsakanin firji da taga. Ya rasu bayan doguwar jinya a hannun mai shi, wanda kuma shi ne likitansa.

Marigayin ya shigo gidanmu ne bayan na ga irinsa a ɗakin jiran likitan haƙori, na ji a raina ni ma na isa, duk da ban taɓa ganin teku da idona ba. Matata ta janye keken ɗinkinta daga bakin taga ta ba shi wurin. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko abubuwan da ke ciki ana cinsu.

Mai haƙuri ne, ba ya ɗaga murya. Iyakar maganarsa zuuu na inji da ɓul-ɓul na iska. A cikinsa akwai kifaye da murjani masu rai, halittun ƙasan teku masu kama da tsiro, har da wani kore mai rangaji da autarmu ta sa wa suna Mai Rawa. Ba ta tafiya makaranta sai ta gaishe shi.

Ciwon ajali ya fara ne da ɗan jan ɗigo a kan yashi. Na ɗauka ado ne, har na tura wa abokan aiki hoto. Da na kai wa mai shagon kifin da ya sayar min da shi hoton, ya ce jan gansakuka ne, wani yauƙi mai lulluɓe murjani har ya shaƙe shi. Ya tambayi ruwan da nake zubawa, na ce na famfo. Ya tambayi lokacin ba da abinci, na ce duk sa'ad da kifayen suka kalle ni. Fitila kuwa ba na kashewa, don kada su ji tsoro. Ya daɗe yana kallona.

“Yallaɓai, rage abinci, canza ruwa kaɗan-kaɗan, sannan ka cire hannunka. Abin nan haƙuri yake so.”

Na yi godiya, na dawo gida na buɗe waya na nemi shawara a intanet. Wani ya ce duhu ne magani, na rufe marigayin da bargon matata. Wani ya ce a goge, na shiga da buroshin haƙori. Wani ya ba da sunan magani, na ninka awon don ya warke da wuri. Daga ƙarshe na kwashe ruwan gaba ɗaya na zuba sabo. Jan ya tafi, ya kuma tafi da sauran launukan.

Auta ta tsaya gaban gilashin da jakar makaranta a baya.

“Baba, Mai Rawa ya yi furfura. Tsufa ya yi?”

Na ce hutawa yake. Uwarta ta ce a hankali, “Baban yara, faɗa mata gaskiya.” Na faɗa mata. Ba ta yi kuka ba. Roƙona ta yi kada in ƙara yi wa kifayen da suka rage magani. Da kukan ta yi da ya fi min sauƙi.

Marigayin ya bar kifaye biyu da ba sa son ganina, dodon koɗi ɗaya da har yanzu ba a tabbatar ko yana raye ba, rabin buhun gishiri, da bargo mai ƙarni.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi ta ƙofar baya, ana neman masu ƙarfi biyu da bokiti. Kifayen za su koma wurin mai shago. Masu zuwa ta'aziyya su taimaka su bar “ai mun faɗa maka” a gida, an riga an samu isasshe.

Iyalai kuma na roƙon duk wanda ya ga mai makoki yana zagaya shagon kifi, ya kamo hannunsa ya dawo da shi gida.