Azumin Ƙarya a Bakin Ubangi

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar Alhamis, ranar da na yi azumin da Allah bai ɗora mini ba, ni ma ban ɗauka ba, na kuma sa tsofaffi da ƙananan yara suka wuni da yunwa a kansa. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A unguwar Kilomita Biyar aka haife ni, nan cikin Bangi, babban birnin ƙasarmu, nan na girma, nan kuma shagona yake a kan titin Koudoukou, ina sayar da kayan gyaran babur. Irin mutanen nan ne ni masu ganin duk wanda ba ɗan unguwarsu ba abin a yi hattara da shi ne. Kogin Ubangi yana nan kusa da mu, amma iyakata da shi hange daga nesa.

Innata ba haka take ba. Ta yi shekara da shekaru tana bin baleniya, wato manyan kwalekwalen katakon nan masu inji, tana gangarawa garuruwan bakin ruwa saro bandar kifi. A irin wannan tafiya ce tashin hankalin ƙasarmu ya rutsa da ita a wani ɗan ƙaramin gari, a lokacin da mayafi kaɗai ya isa ya jawo wa mace ajalinta. Wani masunci Kirista, ana ce masa Baba Gaston, shi ya ɓoye ta a gidansa kusan wata biyu, ana yi masa barazanar ƙona gidan bai fito da ita ba. Mu a nan mun riga mun cire rai. Sai ga ta ta dawo da ƙafarta, ta rame, amma da ranta.

Da ƙura ta lafa ta so ta koma ta yi godiya, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Shekara ta bi shekara. Ran nan ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ga atamfa turmi biyu na matarsa, ga sukari da sabulu. Amma ba su ne saƙon ba. Saƙon shi ne ka zauna a gidansa ka ci abincinsa. Na samu labari 'yan garin suna yi masa gori, wai ya sayar da ransa saboda mutanen da ko ruwan randarsa ba za su sha ba. Ina so su ga ɗana ya sa hannu a kwanonsa. Amana ce na ba ka."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." Da sauƙi maganar ta fito, kamar an ce in miƙo buta.

Kuskurena na farko shi ne da na kai zancen majalisar ƙofar shago. Nan abokai suka yi mini ca. Wannan ya ce mutanen ruwa ba abin da ba sa ci, wancan ya ce naman biri ake bai wa baƙo don girmamawa, wani ya rantse an taɓa ba ƙaninsa maciji a miya. (Daga baya na lura duk cikinsu ba wanda ya taɓa taka kwalekwale.) Na yi dariya a gabansu, amma kafin in tafi sai da na cusa burodi da gwangwanin sardin huɗu a cikin jakata, ƙarƙashin atamfar Inna.

Da sassafe baleniyar ta tashi, cike da mutane da buhuna da jarkoki. Tsoron ruwa ya hana ni sa komai a baki sai kurɓin ruwan gora da salati. Rana ta kusa take tsaka muka iso.

Garin ɗan mitsitsi ne, gidajen jar ƙasa a jere kan gangare, taruna a shanye, hayaƙin banda yana tashi ta ko'ina, ga tsamin rogon da mata suka jiƙa a bakin ruwa. Shiru garin yake, irin shirun da kunnen ɗan Kilomita Biyar bai saba da shi ba. Ina sauka wani dogon tsoho mai furfura ya tsaya a gabana yana kallon goshina. Ya ce da Sango, yaren ƙasarmu, "Ba sai ka faɗa ba. Kai ne ɗan Mama Awa." Haka suke kiran Inna. Baba Gaston ke nan, Inna ta riga ta aika masa da ranar zuwana. Ya rungume ni. (Da Sango muka yi duk maganarmu, wanda in gaskiya za a bi ya fi Hausata gudu.)

A ƙarƙashin mangwaron gidansa na tarar an jera bencina da aka aro daga coci. Maƙwabta sun cika wurin, har da mai unguwa da wasu tsofaffin mata. Na gane nan take cewa ba tarba kaɗai ba ce, shaidu ya tara. Aka gaisa, na miƙa kayan Inna, aka sa albarka. Sai matarsa, Mama Rozali, ta fito da gozo, tuwon rogonsu, da wata tukunyar miyar ganyen rogo tana tururi. Aka kawo ruwan wanke hannu, ni aka fara miƙa wa.

Na leƙa tukunyar. Nama ne a ciki, ya yi duhu cikin ganye, ga wani siririn ƙashi ya ɗago kai. Duk maganganun majalisa suka dawo mini lokaci guda. Abin da ya kamata in yi a fili yake, in ce, "Baba, naman mene ne, wa ya yanka?" Amma sai na ga kamar tambayar za ta zama cin fuska a gaban jama'a. Don gudun ƙaramin cin fuska na ɗauko babbar ƙarya. Na janye hannuna na ce, "Baba, a yi mini haƙuri, yau Alhamis, ina azumi."

Wani mutum a bencin baya ya yi 'yar dariya ta hanci, irin ta "ai mun faɗa." Na zaci Baba Gaston zai ɓata rai. Sai na ga fuskarsa ta washe.

Ya juya ga jama'a ya ce, "Kun gani? Ɗan uwarsa ne. Haka Mama Awa take yi, Litinin da Alhamis. Ba ƙi ya yi ba, ibada yake. In rana ta faɗi zai ci." Ya dubi matarsa ya ce, "Rufe tukunya. Lokacin da uwarsa take azumi a gidan nan ba wanda yake sa abu a baki kafin ita. Yau ma haka za a yi."

Na ce, "Baba, don Allah ku ci, kada ku jira ni." Ya ce ba a yi haka a gidansa. Wata tsohuwa da ta riga ta wanke hannu ta goge shi a zaninta. Jikokinsa suka bi tukunyar da ido har aka shige da ita. Ba wanda ya tashi ya tafi, kowa yana so ya ga ƙarshen abin. Can Baba Gaston ya ɗauki filafilin tuƙa kwalekwalensa ya ce zai je ya dawo.

Da ni mai hankali ne, da a nan na tsaya, in daure har magariba, ko ba komai in raba yunwar da na jawo musu. Amma ciki ba shi da kunya. Wajen la'asar hanjina suka fara kuka, idona yana ganin duhu-duhu. Na ce zan gangara kogi in yi alwala. Na saɓi jakata (wa yake zuwa alwala da jaka?) na bi gaɓa har na sami wani tsohon kwalekwale da aka kife a gindin bishiya. Na tsuguna a bayansa, na duba hagu, na duba dama, na duba hanyar gari. Ɓangaren ruwa ne kawai ban duba ba, don ɗan birni bai san ta nan ma hanya ce ba.

Na gama da gwangwani na farko, na buɗe na biyu. Na cika bakina da burodi, man sardin yana bin gemuna, sai na ji ƙarar katako ya gogi yashi a gabana.

"Salamu alaikum."

Da Hausa mai kyau aka yi sallamar. Na ɗago kai. Baba Gaston ne tsaye a bayan kwalekwalensa riƙe da filafili, gumi ya jiƙe masa riga. A gaba kuma wani tsoho ne zaune da farar hula, da buta a hannu da buzu a naɗe. Amsa sallama wajibi ne, amma bakina a cike yake. Na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa. Haka na tsaya da kumatu a kumbure ina kallonsu.

Tsohon mai hula ya sauko a hankali. Ya ce sunansa Malam Sale, shi kaɗai ne Musulmin da ya rage a yankin, a wani tsibiri yake zaune can sama. Ya dubi gwangwanin ya dube ni, ya ce, "Ɗan nan, mutumin nan sau biyu ke nan yana tuƙo ruwa zuwa wurina yau. Da asuba ya kawo mini akuya na yanka da hannuna, don kada ka yi shakka. Yanzu kuma ya zo ya ce baƙonsa yana azumi, in zo mu sha ruwa tare, kada ka yi sallar magariba kai kaɗai." Ya buɗe tafin hannunsa, dabino uku ne a ciki. "Har na taho maka da waɗannan."

Ban san lokacin da burodin ya wuce ba. Na so Baba Gaston ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya jawo kwalekwalensa kan yashi, ya ɗaure, sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Ɗana, uwarka ma kwana biyun farko ba ta ci abincinmu ba. Amma ita ta dubi idona ta gaya mini dalili. Na je na sayo sabuwar tukunya, ba a dafa komai a ciki sai abin da za ta iya ci. Da ta tafi muka wanke muka rataye ta. Ba a sake ɗora ta a wuta ba sai yau."

A nan na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ƙato da ni, da gemu, da warin kifin gwangwani, a bakin kogin da ya fi ko'ina kifi.

Ya ce, "Goge bakinka. Ni ba zan gaya musu ba. In ka so mu jira rana ta faɗi, ba wanda zai sani." Wato bayan duk abin da na yi, rufa mini asiri yake shirin yi. Malam Sale ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Akwai yara can da ba su ci komai ba tun safe."

Muka hau gangaren. Na tsaya a ƙarƙashin mangwaron na faɗa musu komai, tun daga surutun majalisa har zuwa gwangwani. Na ce ba azumi nake ba, tsoro ne da jahilci, kuma uwata ba haka ta aiko ni ba. Mutumin bencin baya ya buɗe baki zai yi magana, tsohuwar nan ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "Ya faɗa da bakinsa. A kawo abinci, mun gaji."

Mama Rozali ta fito da tukunyar, ba ta dube ni ba. Baba Gaston ya ce kwano ɗaya za a zuba mana, ni da shi da Malam Sale. Na yi bisimilla na sa hannu, kowa yana kallo. Siririn ƙashin nan da ya firgita ni, haƙarƙarin akuya ne. Cikina a cike yake da burodi, amma na ci, aka ƙara na ci, har sai da Mama Rozali ta ga dama ta yi murmushi. Kwana uku na yi a garin, ban sake buɗe jakar nan ba sai don ɗauko riga.

Da na dawo gida na so in taƙaita wa Inna labari, in ce na ci, sun gode, shi ke nan. Amma ta san ni tun ban san kaina ba. Ta bar ni na yi ta kewaye-kewaye har na gaya mata duka. Tana ji tana jan carbi. Da na zo kan maganar tukunya ne hawaye suka zubo mata. Can ta ce, "Ka isar da amana, amma sai da ka ja ta a ƙasa. Kuma tunda ka ce wa bayin Allah kana azumi, sai ka yi shi. Alhamis mai zuwa."

Na yi shi, kuma ban taɓa azumin da ya yi mini tsawo kamarsa ba. Ba a rufa shekara ba Inna ta rasu. Abin da yake sanyaya mini rai shi ne ta tafi da sanin an ga ɗanta ya ci a kwanon Baba Gaston, ko da ta hanyar abin kunya aka kai ga haka.

Yanzu in aka ajiye mini abinci a baƙon wuri kuma zuciyata ta yi shakka, buɗe baki nake in tambaya. Mai gidan da ya yanka maka akuya ba zai mutu don ka tambayi wanda ya riƙe wuƙar ba. In kuwa har mutum ya nace sai ya yi ƙarya a garin masunta, to aƙalla kada ya ɓuya ta ɓangaren ruwa.