Shanun Asta Sun Karkace

"Lafiya lau, mijin da ba cefane. Yau kuma kwalkwalin 'yan acaɓa ka kawo mini?"

Haka Asta ta amsa gaisuwar jikanta Fatihu, ɗalibin injiniya, da ya iso Bunkure da kwamfuta da wani ƙaramin akwati da wani kwalkwali mai tabarau. Tsohuwar nan ba ta da zance sai na rugarsu ta da, wadda gonakin shinkafa suka haɗiye tun zuwan ruwan Tiga. Ga yana tana cin idonta a hankali. Abin ya dami Fatihu, shi ya sa ya zana rugar a kwamfuta yadda take ba shi labari, ko ta gan ta a cikin tabarau ɗin kafin ganin ya ƙare.

Ya tayar da janareto, ya ɗaura mata kwalkwalin.

"Shanu ne kuwa," in ji ta. "Amma duk sun karkace, kamar kai in an tashe ka sallar asuba."

"Laifin tarkacenki ne, tsohuwa. Akwatin nan maganaɗisu yake watsawa, da shi kwalkwalin yake gane inda kanki ya juya, ƙarfe kuwa ruɗa shi yake. Ga gadon ƙarfe, ga jeren kwanuka har rufi. Waje za su."

"Kwanukan aurena? Da kai da su wa ya riga wani shiga ɗakin nan? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

"To, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ara mini sandarki."

"Ka karya ta in karya ka."

Ya ciro 'yar na'urar da ke jin maganaɗisun daga jikin kwalkwalin, ya ɗaure ta a kan sandar, ya bi ɗakin taku taku yana dafa ƙasa. Duk inda injin ya kuskure, sai ya nuna masa ainihin wurin.

"Me kake nema, allurar kakanka?"

"Koya masa nake yadda ɗakinki ke ƙarya, ya riƙa cirewa."

"Injin da sai an koya masa gaskiya, ai ɗan gidanku ne."

"Gado muka yi, wajen uwar uba."

Ya mayar da na'urar, ya sake ɗaura mata kwalkwalin. Ta juya kai a hankali, rugar ta tsaya cak tana jiranta. Ta miƙa hannu cikin iska.

"Ga tsamiyar. Ga rafin da muke wanke ƙwarya, ni da Raliya ƙanwata, Allah ya jiƙanta."

Tausayinta ya kama Fatihu. Ya ce, "In cire? Mai na ƙonewa."

"Taɓa ka gani." Ta yi dariya, hawaye na bin ƙasan tabarau. "Ka ci, ja'iri. Jar karsanar nan da ta rage mini a garke taka ce. Amma bar ni nan tukuna, shanun ba su sha ruwa ba."