Rasuwar Auta, Kitikar Malam Inuwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, iyalan marigayi Malam Inuwa Direba na Ƙofar Jatau, cikin birnin Zariya, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsu, kitikar nan da aka fi sani da Auta. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin kakar wannan shekara ta 1956, a gindin dutsen Kufena, ɗauke da buhunan dawa. Wuta ce ajalinta.

Marigayiyar ta yi aikin soja kafin ta zo hannun Malam Inuwa da tsufanta. Shi ya raɗa mata Auta, domin bayan 'yarsa Barira Allah bai ƙara ba shi haihuwa ba. Mai haƙuri ce, ba ta zaɓen hanya. Da safe in an murɗa mata ƙarfe sai ta yi tari, "guf, guf", sannan ta ɗauki gurnani har kajin unguwa su watse. Da guminta gidan yake ci, yake yaɓen damina, yake ɗinkin Sallah.

Duk zamanta da Malam Inuwa ba ta taɓa kwana da ciwo ba. In fitila ta ɗauke, ko ham, wato odar motar, ya yi shiru, sai ya buɗe 'yar akwatin fis, Barira na riƙe masa gwangwanin kayan aiki. Yakan ce wa Barira, "Kin ga wannan ɗan siririn? Shi yake mutuwa a madadin sauran. In ya ƙone, wani wuri ne ke ciwo. A nemo ciwon tukuna." Sai ya bi waya da yatsa har ya samu inda ta goge, ya naɗe, sannan ya sa sabo. Ranar Juma'a kuma ya goge bakin katawut, ɗan abin nan da ke yin "ƙyas" in an kashe inji, don kada batir ya tsiyaye.

Jinyarta ta fara ne bayan arba'in ɗin maigidanta. Ƙanensa, Baffa Labaran, ya karɓi makulli, ya yi alkawari a gaban dangi cewa matar marigayin, Inna Asama'u, da 'yarta ba za su nemi komai su rasa ba. Da yake yana tsoron bakin abokan sana'a a tasha, sai ya samo laya ya kafa ta da ƙusa a katakon ƙarƙashin sitiyari. Ƙusar ta huda katako ta kama waya. A ranar fis ya ƙone.

Baffa ya ce, "Kun gani? Jifa aka yi. Ba don layar nan ba, da ni za a samu."

Ya sa wani fis, ya ƙone. Ya ƙaro laya, ya ƙaro ƙusa. Da fis ɗin gwangwani suka ƙare, ya naɗe matacce da takardar sigari mai sheƙi. Ita ma ta ƙone.

Barira ta leƙa ta ga inda ƙusar ta bi. Ba ta iya ɗaga ido a gaban baffanta, sai ta faɗa wa mahaifiyarta. Inna ta tare shi a bakin zaure ta ce, "Labaran, yarinyar nan ta ce ko za ka duba wayar da ke bayan layar."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba Yaya, yaushe mata suka fara kanikanci? Ta je ta hura wutar murhu, wannan wutar ba tata ba ce."

Washegari ya cusa ƙatuwar ƙusa a mazaunin fis, ya ce bari ya ga ɗan banzan da zai ƙone wannan. Gaskiyarsa, ƙusar ba ta ƙone ba. Waɗanda suka halarci cikawar sun ce hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, sai ham ya kama kuka shi kaɗai, "fiiii", babu mai taɓa shi, bai daina ba har muryarsa ta narke. Baffa ya tsira da hularsa.

Ta rasu ta bar uwa, Inna Asama'u, da yaya guda, Barira, da tsofaffin tayoyi a bayan gida, da gwangwani wanda babu komai a ciki. Ta kuma bar manoman da dawarsu ta zama toka, waɗanda kullum suke sallama a ƙofar gida, ba don gaisuwa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a inda ta faɗi. Maƙera za su raba gawar, a yi fartanya da lauje. Ana roƙon masu ta'aziyya su daina ambaton sammu a gaban Barira, kuma su hanzarta, domin an sa gidan jingina a sallami manoma. Bayan sadakar bakwai Inna da 'yarta za su koma ƙauye wurin dangin uwa, a ƙasa, da kayansu a ka.

Baffa Labaran yana ba da haƙuri, ba zai samu halarta ba. Wani attajiri ya ba shi tuƙin sabuwar mota, ya tafi karɓo mata laya.