Hoton Baba a Gonar Citta

Ni na sa danginmu na Fadan Kagoma suka goge hotunansu daga wayoyinsu. "Ku turo mini," na ce, "intanet na ajiyewa kyauta har abada."

Da manhajar da nake ajiye su ta ce wuri ya cika, sai an biya, na yi tsaki na hau gogewa, ina taƙamar akwai su a wayata. Ashe har na wayar suke tafiya.

Da Baba ya rasu, aka nemi hoton fostar jana'iza. Ɗaya ya rage: yana duƙe a gonar citta, ya ba kyamara baya. Shi aka liƙa a ƙofar coci.

Har yau in na ɗaga waya, ƙanwarsa Anti Rifkatu sai ta juya baya ta duƙa: "Ɗauka, ɗana, na jana'izata."